Faɗin rim da faɗin taya a keken hawan dutse: wanne ke bin wanne?

Ɗan Tudu:
Assalamu alaikum. Ga tambaya ga masana harkar keke. Keken hawan dutse ne na gwanjo, lamba 26, birkin dis gaba da baya, giya uku a gaba. Tayar da ke kansa 26x1.95 ce, a jikin rim kuma an rubuta 559x19. Hanyar da zai riƙa bi rabinta marmara ce da tsakuwa, rabi yashi, kuma siririyar tayar nan nutsewa take yi da zarar an shiga yashi. In aka sayo 2.4 ko 2.6, rim ɗin zai ɗauka? In kuwa sai an canza rim, mai faɗin nawa za a nema?

Oga Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka kawo lambar jikin rim, domin ita ce kan magana. 559 ɗin nan milimita ne, girman da'irar inda bakin taya ke zama. Duk keken dutse mai lamba 26 haka yake. Mai 27.5 kuma 584 ne, mai 29 kuwa 622. Ita kuma 19 faɗin cikin rim ne, daga bango zuwa bango ta ciki, ba ta waje ba. Nan mutane ke ruɗewa: mai shago zai ɗora rula a bayan rim ya ce maka 25 ne, alhali cikinsa 19. Taya ba ruwanta da faɗin waje, na ciki take bi.

Ita ma taya ka daina dogara da incin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Duba ƙananan lambobin gefe, irin 50-559 ko 54-559. Ta farko faɗinta ne a milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka 2.1 kusan 53 ce, 2.25 kusan 57, 2.4 kusan 61, 2.6 kuwa 66.

A kan rim 19, ni 2.1 nake ba da shawara. In an matsa, 2.25. Batun 2.6 ka manta da shi.

Abu Hanif:
Oga, a yi haƙuri, amma tsohon jadawalin ETRTO, wato ƙungiyar Turai da ke tsara ma'aunin taya da rim, ya amince a sa taya har mai 62 a kan rim 19. Ke nan 2.4 tana cikin ƙa'ida. Kuma shekara da shekaru ana tsere da rim 17 na kamfanin Mavic ɗauke da taya 2.1 zuwa 2.3, ba wanda ya ce laifi ne.

Oga Makaniki:
Gaskiyarka Malam, jadawalin ya faɗa. Amma abin da yake nufi shi ne tayar ba za ta fice daga rim ba. Bai yi maka alkawarin za ta yi daɗin tuƙi ba. Kuma a wancan zamanin iska ake durawa har psi 35 zuwa 40 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) saboda tsoron hujewar tub. Shi kuwa mai tambaya yashi ne matsalarsa, kuma maganin yashi rage iska ne. To a nan rim 19 ke nuna iyakarsa.

Injiniya:
Bari in buɗe abin da Oga ya taƙaita. In aka ɗora faffaɗar taya a kan siririn rim, ƙasanta a tsuke yake, cikinta ya kumbura ya fito ta gefe biyu, kamar ƙaton tulu a kan ɗan gammo. Muddin a miƙe ake tafiya ba za ka ji komai ba. Da ka kwanta a kwana, nauyi ya koma gefe, sai gefen tayar ya lanƙwashe ƙarƙashin rim, domin ba shi da madogara. Za ka ji bayan keken yana lilo, kamar taya ta yi faci alhali da iskarta. In tubles ce, wato marar tub a ciki, bakin tayar na iya ɗagawa ya fesar da iska nan take. In mai tub ce, motsin nan yana goge tub, wani lokacin ma ya tsinke shi a gindin bawul.

Maganin lilon shi ne ƙara iska. Ka ƙara iska kuma, amfanin da ka sayi babbar tayar dominsa ya tafi: ta yi tauri, tana tsalle a kan tsakuwa, tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa. Ka biya kuɗin 2.6, ka ɗauki nauyinta, ka sami aikin 2.1.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ƙarfin da iska ke tura bangon rim da shi yana ƙaruwa ne da yawan iska da kuma faɗin taya, duka biyun. Taya mai 66 a psi 40 tana jan bangon rim fiye da mai 50 a psi 40 ɗin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsohon rim na gwanjo, musamman mai bango ɗaya, bai kamata a jarraba shi da wannan ba.

Alhaji Mai Kekuna:
Duk kun tafi rim, kun bar abin da ke fara hana ruwa gudu. Firam. Kekunan 26 masu giya uku a gaba, masu hob (cibiyar wili) na baya mai faɗin milimita 135, yawancinsu an ƙera su ne don taya 2.1 zuwa 2.3. Ɗan Tudu, cire wilin baya, ka auna tsakanin ƙarafan nan biyu da suka taso daga wajen feda zuwa hob, daidai inda tayar ta fi faɗi. Ka auna na sama su ma, waɗanda suka sauko daga ƙarƙashin sirdi. Abin da ka samu ka cire 12, wato milimita 6 kowane gefe. Abin da ya rage shi ne iyakar faɗin tayarka.

Shidan nan ba ado ba ne. Wili yana ɗan karkacewa in ana taka feda da ƙarfi, sifok, wato wayar wili, na iya tsinkewa rim ya yi ɗan gwami, ga laka da damina. In babu sarari, haƙoran taya da laka za su riƙa cin firam kamar sanfefa. Alminiyam ba ya jure wannan, wata rana sai dai ka ga rami. Hanya mafi sauƙi bayan an ɗaura taya: ɗauki alanki mai lamba 6, ka zura shi tsakanin taya da firam ko'ina. Inda ya ƙi shiga, akwai matsala.

Sannan ka sa giya mafi sauƙi, ƙaramin faranti a gaba, babba a baya, ka duba ko sarƙa na gogar gefen taya. A keke mai giya uku wannan na faruwa tun kafin tayar ta taɓa firam. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙera kekuna suka koma tsarin da ake kira Boost wajen 2015, hob ɗin baya 148, na gaba 110, sarƙa ta matsa waje da milimita 3, taya ta sami wuri.

Ɗan Tudu:
Na gode Alhaji. Zan auna in dawo. Amma to in faɗi ne ke tallafar taya, me zai hana a nemi rim mafi faɗi kawai, kamar 35 ko 40, a huta?

Injiniya:
A'a, can ma akwai rami. Kowace taya an zana haƙoranta ne da wani faɗin rim a zuciya. Na tsakiya don gudu da birki, na gefe don kwana, kuma ana so bayan tayar ya zama a ɗan gantsare yadda na gefen ba za su taɓa ƙasa ba sai ka kwanta. Ka ɗora 2.2 a kan rim 35, sai bayanta ya baje. Haƙoran gefe suna cin ƙasa ko a miƙe kake, keke ya yi nauyin ja, su kuma su cinye da wuri. In ka zo kwana ka kwanta sosai, ka riga ka wuce haƙoran gefen, abin da ya rage sai gefen taya marar haƙori. Riƙon ƙasa ba ya raguwa a hankali, ɗaukewa yake yi gaba ɗaya. Wannan ya fi lilon siririn rim haɗari, domin shi lilo yana gargaɗi.

Na biyu, gefen tayar ya koma shi ne wuri mafi faɗi, ya fito fili haƙora ba su kare shi ba, duwatsu masu kaifi su yanka shi. Bakin rim shi ma ya fito kusa da dutse.

Saboda wannan matsalar ce kamfanin taya na Maxxis suka fito da tayoyin da suke rubuta wa WT, irin 2.4 WT da 2.5 WT. An matsar da haƙoran don rim mai 30 zuwa 35. Kar a ɗora WT a kan 21 ko 23 a yi tsammanin za ta yi yadda aka tsara ta.

Oga Makaniki:
Ga yadda nake haɗa su a aikace, faɗin ciki nake nufi:

Rim 19 zuwa 21, taya 1.9 zuwa 2.2.
Rim 23 zuwa 25, taya 2.1 zuwa 2.35, har 2.4 in gefenta mai kauri ne.
Rim 27 zuwa 30, taya 2.3 zuwa 2.6.
Rim 35, taya 2.5 zuwa 2.8.
Rim 40 zuwa 45, taya 2.8 zuwa 3.0.

In ba ka son haddace wannan, riƙe cewa cikin rim ya kusanci rabin faɗin taya, ko ƙasa da rabin kaɗan. 30 a kan 61, 25 a kan 57. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa: WTB suna rubuta i23, i25, i30, lambar ita ce faɗin ciki.

Kuma a sani, canza rim yana canza faɗin tayar kanta. Duk milimita 1 da aka ƙara a cikin rim, taya tana buɗewa da kusan 0.4. Daga 19 zuwa 30 ƙarin 11 ne, taya ta ƙaru da fiye da milimita 4. Tayar da ta wuce firam da ƙyar a kan tsohon rim za ta iya gogarsa a kan sabo. Sabuwar taya kuma tana ɗan saki bayan ta kwana da iska, saboda haka a auna washegari, ba ranar da aka ɗaura ba.

Abu Hanif:
Ni dai har yanzu ina ganin an cika zuzuta 30 ɗin nan. Rim ɗin DT Swiss EX 471 cikinsa 25 ne, kuma da shi aka daɗe ana tseren gangaren dutse na duniya da taya 2.4 da 2.5. Shi ne rim ɗin da ɗan tsere Aaron Gwin ya gangaro a kansa tsirara a Leogang ta Ostiriya a 2014, bayan tayarsa ta baya ta fita, kuma ya kai ƙarshe. In 25 ya ishi masu irin wannan gudun, ina ga mai bin hanyar gona? Ga shi ya fi sauƙin nauyi, kuma nauyin da ke bakin wili shi ne ƙafa ta fi ji.

Injiniya:
Hujja ce mai ƙarfi Malam, amma duba irin tayar da suke sawa. Tayar gangare ninki biyu ce, nauyinta ya haura kilo ɗaya, gefenta na iya tsayuwa da kansa ko rim bai tallafe shi ba. Tayar da talaka zai samu a kasuwa ninki ɗaya ce, gefenta laushi. Ita ce ta fi bukatar rim ya riƙe ta. Wato ba faɗi kaɗai ake dubawa ba, har da kaurin jiki. A Maxxis matakan kaurin daga EXO ne, sai EXO+, sai DoubleDown, sai ta gangare. Schwalbe su ma suna da nasu matakan, Super Ground, Super Trail, Super Gravity. Taya 2.4 mai kauri a kan 25 ta fi 2.6 mai laushi a kan 30 tsayuwa a kwana.

Inda na yarda da kai shi ne, tsakanin 25 da 30 ba abin da zai sa mutum ya watsar da wili mai lafiya. Tsakanin 19 da 25 ne bambancin ke fitowa fili.

Maman Walid:
Sannunku da ƙoƙari. Ku dawo kan yashi, don shi ne asalin tambayar. Mai nema wa yashi magani da faɗi kaɗai zai sha mamaki. Daga 1.95 zuwa 2.25 ƙarin milimita 7 ne kacal. Abin da ke hana nutsewa shi ne girman wurin da taya ta taka, shi kuma iska ce ke yanke shi: nauyin da ke kan wili a raba da yawan iska. Ka sauke daga psi 40 zuwa 25, wurin takawa ya ƙaru da fiye da rabi, ko ba ka canza taya ba. Amfanin faɗin taya da faɗin rim shi ne su ba ka damar sauke iskar ba tare da rim ya daki ƙasa ko taya ta lanƙwashe ba.

Yashi mai zurfi irin na gindin rafi kuwa, ko 2.6 ba ta isa ba. Wannan aikin kekunan nan ne masu ƙatuwar taya, inci 3.8 zuwa 5 a kan rim 65 zuwa 100, ana tuƙa su da iska ƙasa da psi 10. Kamfanin Surly ne suka fara sayar da irinsu da yawa a 2005 da kekensu Pugsley. Firam ɗinsu daban ne gaba ɗaya. An ma yi yayin taya 2.8 da 3.0 a kan rim 40 zuwa 45 wajen 2015 da 2016, amma bai daɗe ba: in an yi ta da sauƙin nauyi tana yagewa tana tsalle, in an yi ta da kauri ta yi nauyi. Yawancin masu ƙera keke suka dawo 2.4 zuwa 2.6 a kan 30.

A yashi kuma kar a nemi dogayen haƙora. Tona ƙasa suke yi. Gajeru masu yawa sun fi.

Ɗan Tudu:
To Hajiya, iska nawa ke nan? Mai hawan nauyinsa kilo 75 ne.

Maman Walid:
Akwai lissafin farawa da kamfanin Stan's suka yaɗa don tubles: nauyinka a kilo ka raba da 3.2, ka cire 1 a gaba, ka ƙara 2 a baya. Kilo 75 ya ba da kusan 23, wato 22 gaba, 25 baya. Wannan na taya wajen 2.3 ce a kan rim da ya dace da ita. In da tub ne, kuma a kan rim 19, fara da 28 gaba, 32 baya, ka riƙa sauke 1 ko 2 har sai ka fara jin lilo ko ka ji rim ya taɓa dutse, sannan ka mayar da 2. Alamar an sauke fiye da kima ita ce huji biyu a jere a jikin tub, inda bakin rim ya datse shi da dutse. Wannan ba ƙaya ba ce, kar a ɓata lokaci ana laluben cikin taya.

Sai an sayi geji na ƙaramar iska. Latsa taya da yatsa ba ya bambance 22 da 28.

Alhaji Mai Kekuna:
Kuma don Allah a kiyayi injin mai faci na bakin titi. An yi shi ne don mota da babur, cikin daƙiƙa kaɗan zai kai tayar keke 60 ko fiye. Faffaɗar taya a kan tsohon rim, ƙara kawai za ka ji. Famfon hannu ya wadatar. Kowane rim na kirki yana da iyakar iskarsa, kowace taya ma haka, wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ake bi.

Ɗan Autan Gareji:
Oga tambaya a gefe. Tayar 29 za ta shiga rim ɗin keken Raleigh ko Phoenix na iyayenmu? Na ga an rubuta 28 a tasu, ai 29 ta fi girma.

Oga Makaniki:
Ba za ta shiga ba ƙanena, kuma akasin tunaninka ne. 28x1½ na waɗannan kekunan 635 ne, 29 kuwa 622. Rim ɗin Raleigh ya fi girma da milimita 13. Inci a harkar taya suna ne kawai, lambar milimita ita ce gaskiya. Haka taya 26 ba ta shiga rim 27.5, ko da ka ga kamar saura ƙiris. Kar a tilasta da ƙarfen cire taya, wayar bakin ce za ta tsinke.

Ɗan Tudu:
An auna. A baya, tsakanin ƙarafan ƙasa 66, na sama 70. A fok na gaba, wato ƙarafan da ke riƙe wilin gaba, 78. Ramukan sifok 32, rim mai bango biyu ne, bawul irin na mota.

Alhaji Mai Kekuna:
To magana ta fito. Baya: 66 a cire 12, saura 54. Tayarka 54-559 ce, wato 2.1, kuma ta dace da rim 19 ɗin da ke kai. Ba ka da dalilin taɓa wilin baya ko kaɗan, domin ko ka faɗaɗa rim firam ba zai bar ka ka wuce nan ba. Nemi 2.1 mai gefe mai kauri, tunda baya ne ke ɗaukar nauyi.

Gaba: 78 a cire 12, saura 66, akwai wuri. A kan rim 19 sa 2.25 ka tsaya. In kana son 2.35 ko 2.4, wilin gaba kaɗai za ka sake ɗaurewa da rim 25. Gaba ta fi baya faɗi ba laifi ba ne, haka ma aka fi so, domin gaba ce ke nutsewa ta kayar da mutum a yashi. Amma sararin sama ma a duba: in fok mai iska ne, a sauke iskarsa duka a danne shi har ƙasa, a tabbata taya ba ta taɓa kan fok ba. In ta taɓa ana cikin gudu, wilin gaba tsayawa zai yi cak.

Oga Makaniki:
In za a sake ɗaure wilin, ga abin lura. Sabon rim ya zama 559, rami 32 daidai da hob. Tsofaffin sifok ba lallai su yi ba, domin zurfin rim ya bambanta. Akwai ma'aunin da ake kira ERD, nisan da ke tsakanin ƙarshen sifok na wannan ɓangare da na kishiyarsa. In na sabon rim ya bambanta da na tsohon da fiye da milimita 2, a sayi sababbin sifok. Gajeren sifok yana sa kan nipul, wato ɗan notin da ke ɗaure shi a rim, ya karye, dogo kuma zarensa ya ƙare kafin ya ɗaure. A wilin gaba mai dis, sifok ɗin ɓangaren dis yakan ɗan fi na ɗaya ɓangaren gajarta, kar a cakuɗa su.

Ramin bawul ma a duba. Na mota kusan 8.5 ne, siririn nan mai suna Presta kusan 6.5. Yawancin sababbin rim na Presta ne, famfonka ya zama yana karɓar sa. Rim 26 mai ciki 25 ya yi ƙaranci yanzu tunda kasuwa ta koma 27.5 da 29, sau da yawa samun cikakken wili na gwanjo ya fi sauƙi. A tafi da rula, a cire taya a auna ciki kafin a biya.

Mai birkin roba da ke kama gefen rim, shi nasa lissafin daban: rim ɗin dis ba shi da wurin kamun birki, kar ya saya. Kai naka dis ne, wannan bai shafe ka ba.

Abu Hanif:
Saura ƙaya. Inda akwai tsidau da aduwa, rage iska da tub yana nufin faci kullum.

Maman Walid:
Shi ya sa in an sami rim 25 mai karɓar tubles da taya mai karɓarsa, a yi tubles ɗin. Tef ya fi cikin rim faɗi da milimita 2 zuwa 3, wato 27 ko 28 a rim 25, domin sai ya bi kwarin tsakiya ya hau har jikin bango. In ya gaza, iska ta bi ramukan sifok. A goge rim tas, a ja tef da ƙarfi, a ɗora ƙarshensa a kan farkonsa kamar santimita 10, a huda wurin bawul da abu mai tsini, ba a yanka da wuƙa ba. Ruwan toshe huji mililita 60 zuwa 90 ya ishi taya 26. A zafinmu yana bushewa da wuri, a duba shi duk wata biyu, da bazara ma kafin haka.

Rim 19 na baya kuwa, in ba a rubuta masa tubles ba, a bar shi da tub. A nemi tub mai bawul da ake iya kwance cikinsa, a zuba ruwan a ciki, yana toshe hujin ƙaya amma ba ya toshe datsewar rim. Tub ɗin ma a duba lambarsa: wanda aka rubuta wa 1.75 zuwa 2.125 zai yi wa ta baya, ta gaba 2.35 kuwa a nemo mai 2.1 zuwa 2.5, in ba haka ba zai miƙe ya yi siriri, ƙaya kaɗan ta huda shi.